Yaƙin Bama: da gaske ne abinci daga sama yake faɗo wa kakanninmu?

Wani ɗan'uwa daga Zariya ya aiko da tambaya. Ya ce kakansa, Allah ya jiƙansa, yana cikin waɗanda ake kira 'yan Bama, wato sojojin da suka yi Yaƙin Duniya na Biyu a Bama, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar. Suna yara yakan ba su labarin makonnin da suka yi a kan teku, da dajin da ake jefo musu abinci daga sama, kuma yakan ce shi aikinsa ɗaukar kaya ne, bai riƙe bindiga ba. 'Yan gidan suna ɗaukar rabin labarin shaci-faɗi ne irin na tsufa. Mai tambaya yana son sanin uku: ko labarin gaskiya ne, me ya haɗa Bahaushe da Japanawa alhali yaƙin Hitila ake ce wa yaƙin, sannan ko wanda ya yi dako ya cancanci a kira shi soja.

Ɗan'uwa, tsohon nan bai ƙara gishiri ba. In ma da abin da ya yi, to ragewa ya yi. Bari in faro maka daga tambayarka ta biyu, domin ita ce ƙofar sauran.

Lokacin da yaƙi ya ɓarke a 1939, Ingila tana da runduna a Afirka ta Yamma wadda ta haɗa sojojin Nijeriya, Gwalkwas wato Gana ta yau, Saliyo da Gambiya. Tushenta tun zamanin Lugga ne, kuma a ɓangaren Nijeriya da Hausa ake ba da umarni. Hafsa Bature sai ya koyi Hausa, ko da kuwa irin ta bariki ce. Wannan ya sa ake yi wa sojojin kuɗin goro a ce "Hausawa", alhali akwai Barebari, Zabarmawa, Dakarkari, Tibi, Angasawa, da mutanen Chadi da Nijar da suka tsallako iyaka suka shiga. Da yaƙi ya yi zafi aka ƙara ɗibar 'yan kudu masu karatun boko a matsayin akawu, direbobi, masu wayar tarho da ma'aikatan asibiti.

Fitarsu ta farko ba Bama ba ce. A 1940 Italiya ta shiga yaƙi a ɓangaren Jamus, aka kai birged ɗin Nijeriya da na Gwalkwas gabashin Afirka, inda Italiya ke riƙe da Somaliya da Habasha. 'Yan Nijeriya suka shiga Mogadishu a watan Fabrairu na 1941, suka nausa arewa cikin motoci har Harar ta Habasha cikin ɗan lokaci ƙalilan. Wancan yaƙin fili ne, na ƙura da mota. Da ka ji barikin Mogadishu, daga nan sunan ya samo asali.

Sai Japan ta ɗauki nata gatarin. Ranar 7 ga Disamba 1941 ta kai wa jiragen ruwan Amurka hari a Pearl Harbor. Kwana uku bayan haka jiragen samanta suka nutsar da manyan jiragen yaƙin Ingila biyu, Prince of Wales da Repulse, a gaɓar Malaya. Ka riƙe wannan, domin a ranar duniya ta gane cewa ƙaton jirgin ruwa mai igwa, in ba shi da jirgin sama da ke tsare masa sama, akwatin gawa ne kawai. Singafo ta faɗi ranar 15 ga Fabrairu 1942, Rangun, babban birnin Bama a lokacin, ta biyo baya a watan Maris, aka kori Ingilishi daga Bama gaba ɗaya har bakin Indiya. Ingila ta rasa maza, ga yaƙi a Masar, ga tsaron gida. Da aka gama da barazanar Faransawan Vichy, wato masu bin gwamnatin Faransa da ta haɗa kai da Jamus, da ke kewaye da Nijeriya a ƙarshen 1942, sai sojojin Afirka ta Yamma suka zama ba su da wani aiki a gida. Manyan hafsoshi suka ce ai waɗannan sun saba da daji da zafi da zazzaɓi, a kai su Bama. Wannan zato dai da gyara, don mutumin Katsina ko Gumel bai taɓa ganin kurmi irin wancan ba, kusan yadda Baturen Landan bai gani ba. Amma akwai dalili na biyu wanda ya fi ƙarfi, kuma shi ne ya shafi kakanka kai tsaye. Zan zo kansa.

Aka kafa runduna biyu, ta 81 da ta 82. Ta 81 ta tashi a 1943, ta zagaya ta Afirka ta Kudu ta sauka a Bambai. Ta 82 ta bi sahu a 1944. Gaba ɗaya 'yan Afirka ta Yamma da suka je wannan fagen sun kai kimanin 90,000, fiye da rabinsu daga Nijeriya.

Makonnin teku da tsohon ya faɗa ba yawon shan iska ba ne. Jiragen fasinja ne aka cire musu kayan alatu aka cusa mutane dubbai a ƙasa, ana tafiya a ayari, jiragen yaƙi ƙanana masu gudu suna shawagi a gefe suna sauraren motsin jirgin ƙarƙashin teku. Da dare ba a kunna fitila, ba a ƙyasta ashana a waje. Ayarin ba ya tafiya miƙe, karkacewa yake dama da hagu don kada mai harbi daga ƙarƙashin ruwa ya samu saiti. Kuma tsoron yana da dalili. A watan Fabrairu na 1944 wani jirgin ƙarƙashin teku na Japan ya harbi jirgin Khedive Ismail kusa da tsibiran Maldives, yana ɗauke da sojojin gabashin Afirka da mata masu jinya. Cikin 'yan mintoci ya nutse, mutum kusan 1,300 suka mutu. Ka kwatanta mutumin da babban ruwan da ya sani shi ne gulbin ƙauyensu da damina, a ce masa ya kwana a ƙarƙashin wannan.

To ga dalilin da na ce zan zo kansa. Yankin da aka tura su, Arakan, wanda yanzu ake kira Rakhine a ƙasar Myanmar, tuddai ne jere-jere masu kaifi, rufe da gora da kurmi, ga koguna da ƙoramu a tsakaninsu. Ruwan da ke sauka a gaɓar nan a shekara ya ninka na Kano sau huɗu ko biyar. Kusan babu titi. Rundunar Turawa ko ta Indiya tana tafiya ne da motoci da alfadarai, to mota tana son hanya, alfadari yana son harawa, harawar kuma sai an ɗauko ta. Japanawa sun gane wannan tun farko. Dabararsu ɗaya ce kuma ta yi ta ci: su ratsa daji a ƙafa, su ɓullo bayan abokan gaba, su tare hanya ɗaya tilo da motoci ke bi. Da an yanke hanya sai runduna ta ruɗe ta ja da baya, ta bar kayanta.

Sojojin Afirka ta Yamma kuwa sun zo da wani tsari da ba kowa ke da shi ba. Saboda ƙudan tsando da ke kashe dabbobi a yawancin ƙasashenmu na kurmi, tun asali rundunar ba ta dogara da dabba ba, da kan mutum ta dogara. Kowace birged tana da rukunin masu ɗaukar kaya, sojoji ne masu lamba da kaki da albashi, amma makaminsu adda. Su ke ɗaukar harsashi, da bama-baman turmi (wata gajeriyar igwa mai cilla bam sama), da na'urar waya da baturanta, da kayan asibiti, da maras lafiya a kan makara. Ƙaramar igwa ma ana kwance ta gunduwa-gunduwa a raba wa mutane. Duk inda ƙafa za ta taka, rundunar za ta je da kayanta.

Sauran abu ɗaya: mai ɗaukar kaya shi ma ciki gare shi, kuma ba zai ɗauki abincin wata uku a kai ba. Nan jirgin sama ya shigo. Runduna ta 81, ƙarƙashin Manjo Janar Woolner, da ta shiga kwarin kogin Kaladan a farkon 1944, ita ce babbar runduna ta farko a wannan yaƙi da aka ciyar da ita kacokan ta sama, wata da watanni.

Ga yadda abin yake. Mai waya ya aika wa hedkwata cewa gobe muna wuri kaza, muna buƙatar kaza. Da asuba 'yan adda su fita su sare gora su share fili, ko a nemi tsibirin yashi a bakin kogi, ko gonar shinkafa da aka girbe. A shimfiɗa ƙyallaye a ƙasa don alama, a tayar da hayaƙi. Can sai ka ji gurnani, jiragen Dakota masu inji biyu su ɓullo ƙasa-ƙasa tsakanin tuddai, ƙofar gefe a buɗe. Kowane zagaye ma'aikatan ciki su tunkuɗo kaya da ƙafa. Abin da zai fashe, kamar harsashi da magani da batur, da lema yake saukowa. Buhun shinkafa kuwa sau da yawa haka nan ake sako shi, buhu cikin buhu don kada ya tarwatse, kuma duk wanda ya faɗo wa a kai sai dai a yi masa addu'a. Da lemar ta yi ƙaranci, masaƙun Kalkata suka riƙa ɗinka ta da zaren buhu. Kafin ƙurar ta lafa masu ɗaukar kaya sun ruga sun kwashe, an rarraba, an tashi daga wurin, domin Japanawa ma sun ga inda jiragen suka yi zagaye. Wasiƙa daga gida ma ta nan take zuwa. Saboda haka in tsoho ya ce tuwonsa daga sama yake faɗowa, iyakar gaskiyarsa ke nan, sai dai ba tuwo ba ne, shinkafa ce da naman gwangwani da biskit mai taurin tsiya.

Masu rauni kuma, a da mutuwa ce ke jiransu a daji. Sai aka samu ƙananan jirage masu inji ɗaya da ke sauka a ɗan gajeren fili. Su wa ke share filin, su baje shi da hannu cikin kwana ɗaya ko biyu? Su kakanka. Kafin ma a shiga kwarin, su ne suka fasa hanyar jif mai tsawon mil saba'in da 'yan kai a cikin tuddai, da diga da shebur da adda, har Turawa suka sa wa hanyar sunan Afirka ta Yamma.

In kana son ganin darajar wannan, dubi abin da ya sami Japanawa a shekarar. A watan Maris na 1944 Janar Mutaguchi ya tura mutum kusan 85,000 su ci Imphal da Kohima a kan iyakar Indiya, kowa da guzurin 'yan makonni, da garken shanu a baya, bisa lissafin cewa za su ci daga rumbun abokan gaba. Suka kewaye garuruwan kamar yadda suka saba, amma wannan karon waɗanda aka kewaye ba su gudu ba, don jirage suna sauke musu abinci da harsashi. Damina ta sauka. Japanawa suka yi asarar fiye da mutum 50,000, yawancinsu yunwa da cuta ne suka kayar da su. Jarumta kam suna da ita har ta yi yawa. Abin da ba su da shi shi ne mai kawo musu shinkafa. Ni a ganina duk wanda ya karanta yaƙin Bama ya tsaya kan wa ya fi wa iya harbi, ya bar jaki yana dukan taiki.

Ba ina nufin ba a yi harbi ba. Sojan Nijeriya yana riƙe da bindigar Lee-Enfield mai cin harsashi goma, kowane sashe yana da Bren mai aman wuta, ga Sten gajera ta faɗan kusa, ga gurneti da turmi. Bajapane kuma gwanin haƙa ne. Yakan yi rami a gefen tudu ya rufe da gungume da ƙasa, ya bar 'yar kafa, ba ka ganinsa sai ka zo taku goma. Ramukan suna kare juna, in ka tasar wa ɗaya na gefe ya buɗe maka wuta. Ba kasafai yake miƙa wuya ba. Da dare sukan zagayo suna ihu da harbe-harbe don a mayar musu su gane inda ake kwance, shi ya sa horon da ya fi wuya shi ne ka ji ana harbi ka yi shiru. Karon farko a Kaladan bai ƙare da daɗi ba. Rundunar ta kai har Kyauktaw, Japanawa suka yi mata ba-zata a watan Maris, ta ja da baya, wasu manyan hafsoshi suka yi ta ɗora mata laifi, har aka sauya kwamandanta. Ta koma bayan damina ta sake bin kwarin, ta haɗu da runduna ta 82, suka ci Myohaung, tsohon babban birnin Arakan, a watan Janairu na 1945. Runduna ta 82 ta ci gaba kudu tana fafatawa a tuddai, sojojin Indiya da na Ingila kuma suna sauka ta ruwa a Akyab da tsibirin Ramree, jiragen yaƙi suna share musu gaɓa da igwa.

Akwai kuma bataliya uku na Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, da aka ware aka ba Janar Wingate, mai rundunar da ake kira Chindit. Su jirage suka ɗauka suka sauke can bayan layin Japanawa a 1944, suka tsare sansanonin da aka kafa a tsakiyar abokan gaba, aka yi ta kai musu hari dare da rana. Wingate kansa ya mutu a haɗarin jirgi a watan Maris ɗin shekarar. Kai da ke Zariya, barikin Chindit da kake wucewa sunansu ne.

Amma babban makashin ba harsashi ba ne. Janar Slim, kwamandan rundunar Ingila a fagen Bama, ya rubuta cewa a 1943 duk mutum ɗaya da aka kwashe saboda rauni, an kwashe 120 saboda ciwo. Zazzaɓin cizon sauro, atuni, wani zazzaɓi da ƙwaron ciyawa ke sawa, gyambon da ba ya warkewa, da matsattsaku da ke shiga ta ramin igiyar takalmi. Aka tilasta shan ƙwayar mefakirin, maganin zazzaɓin cizon sauro, kullum a gaban saje, har aka riƙa tsige kwamandan da mutanensa ba sa sha.

Ka tambayi sojoji, amma kada mu manta da mutanen gari, don su suka fi kowa shan wuya kuma ba su da lambar yabo. A Arakan, da Ingilishi suka gudu a 1942, Musulmi da mabiya Buddha suka faɗa wa juna, aka yi kisa mai yawa, kuma wutar da ta ci Musulmin Rohingya na yankin a zamaninmu tana da saiwa a nan. A Bengal ta ƙasar Indiya, inda sojojinmu suka ratsa a jirgin ƙasa, yunwar 1943 ta kashe mutum miliyan biyu zuwa uku. Duk da haka akwai Isaac Fadoyebo, wani matashi Bayarabe ma'aikacin asibitin soja, da aka harbe a bakin Kaladan a 1944 aka bar shi a matsayin gawa. Wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye shi, shi da wani ɗan Saliyo, yana ciyar da su wata da watanni, alhali ya san in Japanawa suka gane, shi da iyalinsa sun gama yawo.

A gida ma yaƙin ya shigo har tsakar ɗaki. Da Malaya ta faɗi Ingila ta rasa kuza, sai ta juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi diban gwamna, aka kwashi talakawa dubbai daga lardunan Arewa aikin tilas a ramukan kuza, cikin sanyin tsauni da ƙarancin abinci, da yawa ba su koma ba. Shiga soja ma ba duka ne da son rai ba. Wani ya je don albashi da kaki, wani ya gudu daga haraji ko bashi, wani kuma dagaci ne aka ce ya kawo mutum kaza ya nuna shi. Aka matsa a kan gyaɗa, aka yi ta karɓar gudummawar sayen jiragen yaƙi, har wani rukunin jiragen Spitfire na Ingila, na 91, ya ɗauki sunan Nijeriya. Filin jirgin Kano kuwa ya zama zango a babbar hanya: ana kawo jirage a akwati ta ruwa zuwa Takoradi a Gwalkwas, a harhaɗa su, su tashi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lami wadda ake kira Njamena yanzu, su ratsa Darfur zuwa Hartum, su gangara Alƙahira. Jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya. Jamus ta san da ita, har wani jirginta ya ratso Sahara a Janairun 1942 ya jefa bam a Fort Lami.

Yaƙin ya ƙare a watan Agusta na 1945 bayan bam ɗin Hiroshima da Nagasaki, amma yawancin mutanenmu sai 1946 suka ga gida, suna jiran jirgi. Abin da aka sallame su da shi bai kama ƙafar na Bature mai muƙami ɗaya da su ba. A duk rundunar hafsa baƙar fata sai ka nema da fitila, irin su Seth Anthony na Gwalkwas. Mutum kamar Chari Maigumeri, wanda ya fara aikin soja tun a hannun Jamusawa a Kamaru, ya yi Habasha ya yi Bama, a samanja ya yi yaƙin, yau sunansa ke kan barikin Lakwaja. A Akra, ranar 28 ga Fabrairu 1948, 'yan mazan jiya suka yi jerin gwano don kai kukansu ga gwamna, 'yan sanda suka harbe uku daga cikinsu, garin ya kama da wuta, kuma daga nan tafiyar neman 'yancin Gana ta ƙara sauri.

Game da tambayarka ta uku, hukumar sojan da kanta ta ba kakanka lamba, ta sa shi a kaki, ta hukunta shi da dokar soja in ya yi laifi, kuma harsashin Japanawa bai tambayi wa ke riƙe da bindiga wa ke riƙe da adda ba. Hasali ma wanda ke tsakiyar layi da akwatin harsashi a kai, hannu biyu a sama, shi ya fi kowa zama a fili in an yi kwanton ɓauna. Waɗanda suka mutu ba a ga gawarsu ba, sunayensu na nan a jikin ginshiƙan maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun, cikin sunaye kusan 27,000, kuma za ka ga Musa da Garba da Audu birjik, da yawansu da sunan garinsu a matsayin sunan uba, yadda akawun bariki ya rubuta.

In kana son bin sawunsa, fara da adakar tsohuwa. Nemi lambar yabo mai siffar tauraro mai tsini shida, da ƙyalle mai ja a tsakiya da shuɗi da ruwan lemo a gefe, ita ce ta waɗanda suka yi Bama. Wadda ta fi ta amfani ita ce takardar sallama, domin a nan za ka ga lambarsa, wadda ta 'yan Nijeriya ke farawa da NA, da sunan rukunin da ya yi aiki. In ka same ta ka aiko mini da sunan rukunin, daga shi za mu gane ko Kaladan ya yi da runduna ta 81, ko gaɓar Arakan da ta 82, ko kuwa yana cikin waɗanda aka sauke wa Wingate.